THeMIS, motar soja mara direba da ta yi shekara guda a Gao: yadda na ganta a matsayina na mai haɗa sola

Kwanakin nan bidiyon wata 'yar mota mai ƙafar katafila sai yawo yake a guruf-guruf na WhatsApp, ba direba, ko kujerar direban ma babu, tana bin sojoji a baya da kaya jibge a kanta, kuma duk wanda ya turo sai ya ɗora da cewa wai tankar yaƙi ce mai aiki da lantarki mai tuƙa kanta, da hasken rana ake cajinta, a sayo wa sojojinmu kowa ya huta. Toh jama'a sunanta THeMIS, ba tanka bace, ba zallar lantarki bace, shi kansa tuƙa kan nata akwai magana a ciki. Ni sana'ata haɗa sola da batura, na daɗe ina yi a Kano kafin neman abinci ya kaini Daular Larabawa, saboda haka da idon mai haɗa wuta zan dubata ba da idon soja ba. In taurari ake bayarwa na bata uku cikin biyar, kuma ukun nan ta cancancesu wallahi, biyun da na riƙe kuwa masu tallarta da masu turo bidiyo ne suka ja mata.

Kamfanin Milrem Robotics ne yake ƙerata a ƙasar Istoniya, 'yar ƙasar nan ta arewacin Turai da mutanenta kaf basu kai miliyan ɗaya da rabi ba, kuma a 2015 suka fara nunata a baje kolin kayan yaƙi na Landan. Na ganta ido da ido a baje kolin kayan yaƙi na IDEX a Abu Dhabi a watan Fabrairun 2023, wanda a watan ne ma aka sanar cewa kamfanin EDGE na Daular Larabawa ya sayi rabin Milrem ɗin. Abin da ya fara bani mamaki gajartarta, a bidiyo sai kaga kamar wata uwar mota, amma in ka tsaya kusa da ita tsayinta mita ɗaya ne da 'yan kai, da kaɗan ta wuce ƙugun babban mutum, faɗi mita biyu, tsawo wajen mita biyu da rabi. Sarƙa ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace tana zagaye da akwatin ƙarfe, inji da batura duk a cikin akwatunan nan aka cusasu, tsakiya kuwa fili ne fetal. Dabarar kenan gaba ɗaya, kuma ta burgeni. Filin nan kaga dama ka ɗora jarkokin ruwa, kaga dama gadon ɗaukar wanda aka ji wa rauni, ko na'urar tono nakiya, ko kyamara, ko mashinga. Nauyinta ita kaɗai kilo 1,630 ne, lodin da aka ƙayyade mata kilo 750, in an matsa mata ta ɗauki 1,200, gudunta kuma bai wuce kilomita 20 a awa ba, wanda ya isa tunda masu tafiya a ƙafa take rakiya.

Abin da yasa na bata muhimmanci fiye da sauran irinta da suka cika wajen baje koli shine ita an kaita ƙasa irin tamu ta sha rana. Sojojin Istoniya da suka je Mali ƙarƙashin rundunar Barkhane ta Faransa sun tafi da ita Gao a 2019, ta yi kusan shekara a can, kamfanin yace ta ci kilomita 1,200 kuma ta yi aiki sama da awa 330 cikin zafin da yake taɓa digiri 50. Duk ɗan Nijar ɗin da ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Tilaberi zuwa Ayoru ya tsallaka Ansongo ya san irin ƙasar da ake magana, rairayi a nan, tsakuwa mai yanka taya a can, ga ƙura. A watan Yulin shekarar aka kai harin ƙunar baƙin wake da mota a ƙofar sansanin Gao, fashewar ta taɓata amma ta ci gaba da aiki. An kuma nunata tana jan motar sulke mai nauyin sama da tan 20, wanda duk wanda ya san halin injin lantarki bazai yi mamaki sosai ba, domin shi tun daga tsaye yake bada ƙarfinsa duka, ba sai an bashi wuta ya ɗauki zafi ba.

Amma a duba lissafin nan da kyau, awa 330 a shekara guda bai kai awa ɗaya a rana ba, kilomita 1,200 a awa 330 kuma tafiyar mutum ce a ƙafa, ƙasa da kilomita huɗu a awa. Wato aikin da ta yi a Gao aikin jaki ne, ɗaukar ruwa da harsashi da kayan sojan da ke sintiri, kuma ba raini nake ba, sojan da yake saɓe da sulke da bindiga da rediyo da ruwan sha a watan Afrilu a Sahel in ka sauke masa rabin kayan nan ka gama masa komai. Sai dai masu cewa tankar da zata share daji ce su sassauta.

Yanzu ga inda ni nafi ƙarfi, maganar lantarkin. THeMIS haɗin gambiza ce, injin lantarki ne yake juya sarƙar, amma a cikinta akwai janareton dizal da yake cika baturin. In da dizal a tanki takan yi har awa 15, in kuwa aka kashe janareton aka barta da batir zalla awa ɗaya da rabi ne iyakarta. Awa ɗaya da rabi fa malam. Amfanin wannan ɗan lokacin shine shiru, in an kusa inda ba a so a ji ƙarar inji sai a kashe a lallaɓa, ga kuma ƙarancin zafin da kyamarar dare zata hango. Yana da amfani ƙwarai, amma ba shine abin da ake sayar wa mutane a bidiyo ba.

Kuma ba wai injiniyoyin basu iya bane, nauyi ne ya ɗaure musu hannu. Bari in yi muku lissafin da muke yi wa kwastoma kullum. Lita ɗaya ta dizal in ta shiga janareto mai lafiya tana bada wuta kamar yunit uku, irin yunit ɗin da kuke saya a mita. Jarka mai lita 20 kenan yunit 60, kuma yaro ma ya ɗauketa da hannu ɗaya, nauyinta wajen kilo 20. Toh baturin lithiyom ɗin nan da muke rataya wa mutane a bango mai yunit biyar, wanda sai mu biyu muke ciccibarsa muna nishi, nauyinsa tsakanin kilo 45 zuwa 50 ne. Kafin ka tara wutar jarka ɗaya sai ka jera goma sha biyu, sama da rabin tan. Motar da lodinta kilo 750 ne in ka ɗora mata wannan me ya rage? Ta zama motar dakon baturin kanta kawai. Shi yasa duk masu hankali a harkar suka tsaya a haɗin gambiza, har Amurka, domin irin tata da ake kira S-MET, mai taya takwas ta kamfanin General Dynamics, itama da janareto a cikinta. Masu batir zalla suna nan, kamar Mission Master SP ta kamfanin Rheinmetall, amma su na gajeren zango ne.

Wani zai ce to in dai ƙarshenta dizal ne meye na wahala? Wahalar tana da dalili, man da soja yake ƙonawa da jini ake kai masa. Wani bincike da sojan Amurka suka fitar a 2009 ya nuna cewa a Afganistan a shekarar 2007, cikin kowane ayari 24 na tankokin mai sai an kashe ko an raunata mutum ɗaya. Mu ma ba sai mun je nesa ba, tun watan Satumban 2025 'yan ƙungiyar JNIM masu iƙirarin jihadi suka tasa tankokin mai masu shiga Mali daga Senegal da Kodebuwa a gaba suna ƙonawa, har Bamako ta shiga layin mai aka rufe makarantu na ɗan lokaci. Duk litar da sansani ya rage ƙonawa direban tanka ɗaya ne da kwandastansa aka rage wa shiga hanya, kuma da yawan direbobin nan a yankinmu 'yan uwanmu ne.

A nan ƙaramar tashar wuta ta sansani take shigowa, wadda mu a sana'a muke ce wa minigirid, kuma a ganina ita ce ainihin kayan da ya kamata a yi wa talla ba motar ba. Yadda sansani yake a al'ada, kowane tanti da nasa janareton, ofishin kwamanda da nasa, ɗakin rediyo da nasa, kicin da nasa, kowanne kuma an sayo babba saboda tsoron kar ya gaza, sai ka samu janareto mai kilowat 60 yana ta ruri dare da rana a kan lodin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ba. Janareton dizal kuwa ya tsani wannan, in ba lodi baya ƙona mai da kyau, sai kaga baƙin mai yana tsiyaya daga salansa, fisto ya yi dauɗa, bakanike ya zama ɗan gida. Minigirid ɗin abin da take yi shine ta haɗasu duka a layi ɗaya da kwamfuta a tsakiya, in lodi ya sauka da asuba ta kashe uku ta bar ɗaya yana aiki da ƙarfinsa, in rana ta take aka kunna esi ko'ina ta tada sauran, in an ƙara batura da fanel ɗin sola kuma abin ya ƙara daɗi. Amurkawa sun gwada mai megawat ɗaya a sansaninsu na Bagram a Afganistan a 2011, man da ake sha ya ragu da kashi 17 cikin ɗari, kuma wannan ba tare da wani abin al'ajabi ba, tsari kawai. A 2022 sojan ƙasa na Amurka suka fitar da shiri cewa zuwa 2035 kowane barikinsu zai samu minigirid, motocin fagen daga su zama haɗin gambiza a 2035, zallar lantarki kuwa sai 2050. Ku lura da tazarar nan, su da suke da kuɗin ma sun bai wa kansu kusan shekara talatin.

Sola kuma, wadda ita ce abincina, bazan yi muku ƙarya a kanta ba. Fanel mai wat 550 a ranar Sahel, in ka cire asarar zafi da ta waya da ta inbata, abin da zai baka a wuni yunit biyu da rabi ne. Jarka ɗaya ta dizal kenan sai fanel 24 sun wuni suna aiki. A 2022 sojan Amurka sun sayi motar Hummer mai lantarki don gwaji, baturinta ya haura yunit 200, wato fanel 80 zasu wuni a kan mota ɗaya tak, kowane fanel kuma tsawonsa ya wuce mita biyu nauyinsa wajen kilo 28, kaga sama da tan biyu na gilas shimfiɗe a fili mai faɗin murabba'in mita 200 yana ƙyalli, duk wani ɗan duron, wato jirgi mara matuƙi, da ya tashi sama sai ya ganshi. In kuma kace a'a da janareto zaka cajeta cikin awa ɗaya, to kilowat 200 kake nema, alhali babban janareton fagen daga na Amurka a jerin da suke kira AMMPS kilowat 60 ne, sai ka haɗa huɗu a kan mota ɗaya. A bariki na dindindin mai katanga da fili, sola riba ce tsantsa, ko gobe aka kirani zan haɗa. A sansanin da ake tashi bayan kwana uku kuwa sola ta cajin rediyo ce da baturan duron da fitila, ba ta cajin mota ba.

Ga zafi kuma. Baturin lithiyom baya son a cajeshi in zafinsa ya haura digiri 45, na'urar da ke tsaronsa sai ta rage cajin ko ta yanke gaba ɗaya, kuma kwantenar ƙarfe da aka ajiye a rana a Gao ko Agadas ko Baga cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, dole ka sa wa baturin esi, esin kuma daga wutar da ka tara zai ci. Shi fanel kansa duk digiri ɗaya da ya ƙaru sama da 25 yana rage ƙarfi da kamar kashi ɗaya cikin uku na kashi ɗaya cikin ɗari, kuma da azahar gilas ɗin yakan kai digiri 65 ko fiye, ka ɗora hannu ka cire ba shiri. Lokacin hunturu kuwa da safe zaka goge, kafin la'asar ka rubuta sunanka da yatsa a kai, ga hazo ya rufe ranar ma baki ɗaya. Wankin fanel ruwa yake so, ruwan kuma shima da tanka ake kawoshi. Duk waɗannan basa cikin bidiyon talla.

Inda THeMIS da 'yan uwanta suka ci maki a wajena shine su kansu janareto ne mai tafiya. Ita S-MET ta Amurka an gindaya mata sharaɗin ta bada kilowat uku in tana tsaye, ɗaya in tana tafiya, kuma kilowat uku a daji dukiya ce, ya ishi rukunin sojoji su caje rediyo da tabarau na ganin dare da baturan duron ba tare da kowa ya saɓa buhun batura a baya ba. Sojan yanzu rabin damuwarsa caji ne, wannan kam ba wasa.

Sai maganar tuƙa kai. A Gao mutum ne yake biye da ita riƙe da rimot, kamar na wasan gem ɗin yara amma mai kauri, kuma in ba abin da ya tare tsakani rimot ɗin yana kaiwa kilomita ɗaya da rabi. Kamfanin yana da ƙarin na'urar da ake ɗora mata ta riƙa bin mutum a baya da kanta, ko a zana mata hanya a taswira ta bi, tana kauce wa abin da ya tare gabanta. A fili mai kyau abin yana aiki. Amma idon irin waɗannan motoci hasken leza ne da kyamara, kuma leza bata bambance doguwar ciyawa da katanga, ciyawar damina da soja zai ratsa ba tare da ya kula ba ita sai ta tsaya cak, ramin da ciyawa ta rufe kuwa bata ganinsa sam, in ƙura ta tashi ta ɗauka bango ne. Ga masu toshe sigina. Motar Waymo da take ɗaukar fasinja ba direba a Amurka tana bin titin da aka zana taswirarsa dalla-dalla ne, dajin Rugu ko Sambisa kuwa ko hanyar bara ba lallai ka sameta bana ba in ruwa ya ci. Saboda haka mara direba a ciki, eh, amma mai ita yana nan kusa yana gumi. Masu ɗauke da bindiga kuma, Holan ta kai nata Lituweniya a 2022, mutum ne yake danna harbi, kuma ni dai ina addu'ar ya tsaya a haka, domin a ƙauyukanmu makiyayi da sandarsa a kafaɗa da ɗan bindiga daga nesa siffarsu ɗaya ce a kyamara, ɗan Adam ma yana kuskure balle na'ura.

Yukiren ce ta nuna inda take da amfani da kuma inda tsada take cinta. Tun 2022 aka fara kai musu, Jamus ta biya kuɗin guda 14, bakwai na kwaso masu rauni bakwai na share hanya daga nakiya, har wata cibiyar nazarin tsaro a Mosko ta sa ladan rubul miliyan ɗaya ga duk wanda ya kamo musu ɗaya. Kwaso mai rauni daga inda duron yake shawagi, wannan aiki ne da ba wanda zai yi musun darajarsa, maimakon mutum huɗu su shiga da gado sai ƙarfe ya shiga. Amma su 'yan Yukiren ɗin da suka ga yadda fagen yake cin kaya sai suka koma ƙera nasu ƙanana masu batir, masu arahar da in duron ya fasa ɗaya ba wanda zai yi kuka, har gwamnatinsu ta ce tana son guda 15,000 a 2025. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kuɗi kuwa irin wannan kaya ba a manna masa farashi, ciniki ne tsakanin gwamnati da kamfani, amma ga ma'auni, a 2020 Amurka ta bada kwangilar S-MET guda 624 a kan dala miliyan 249, in ka raba kusan dala dubu 400 kowace ɗaya har da hidimarta. Ku juya wannan zuwa naira ko sefa ku gani. Da kuɗin guda ɗaya zan haɗa wa ƙaramin sansani fanel da batura da inbata da rijiyar burtsatse mai sola da firizar ajiye magani, janareto ya koma na ko ta kwana. In da kwamanda zai tambayeni, ranka ya daɗe a fara da wutar sansani, sannan a sayo 'yan kaɗan daga motocin a bai wa masu tono nakiya da masu ɗaukar raunuka, su ne zasu ci moriyarta tun ranar farko.

Sai gyara, wanda shine yake kashe kayan Turai a hannunmu. Hilux in ta lalace a Gubio ko Difa akwai bakaniken da zai tasheta da sifana da waya kafin magariba, kayanta kuma suna Ƙofar Ruwa. Wannan kuwa in allon kwamfutar da ke sarrafa injin sarƙar hagu ya ƙone, a wuri ɗaya zata yi ta juyawa ko ta ƙi motsi, kuma kilo 1,630 ba abin da sojoji shida zasu tura bane a cikin yashi. Duk wanda zai sa hannu a takardar sayenta ya tabbata an rubuta horar da masu gyara na gida, da ajiyar alluna da sarƙa da matatar iska a cikin ƙasa, da izinin buɗe manhajarta a ga inda ciwon yake ba sai an jira bature ya sauka daga jirgi da kwamfutarsa ba.